Baƙin Gilashin da Ke Cikin Akwatin Tolhurst

A Asabar ta biyu ta watan Nuwamba, a kasuwar da ke ci a filin majami'ar garinmu na gindin duwatsun Warrumbungle, Nerida Tolhurst ta fara ɗora ido a kan Callum Brophy, kuma gaisuwar farko da ta yi masa duka ce a hannu.

Tana zaune a bayan teburinta na zuma, ƙarƙashin malfar nan mai faɗi da ba ta rabuwa da ita, sai ta hango wani dogon saurayi ya kafa madubin hangen nesa a tsakar fili, ya ɗaga bakinsa sama da rana tsaka, wata tsohuwa kuma tana sunkuyawa za ta kara idonta. Nerida ba ta san lokacin da ta tsallake kwalaben zuma ba. Ta janye tsohuwar baya, ta kai wa hannun saurayin duka.

"Kai mahaukacin ina ne? Makantar da ita za ka yi?"

Saurayin ya dubi hannunsa, ya dube ta. Sai ya sassauta murya.

"Ranki ya daɗe, sunana Callum, lissafi nake koyarwa a sakandare. Zancen hauka kuwa, ɗalibaina sun riga ki faɗa. Amma zo ki ga abin da ke bakin madubin."

Ƙungiyar masu kallon sama ta garinmu ba ta taɓa yin aikinta da ka ba. Marigayi Aubrey Lindsell, wanda ya kafa ta, ya bar mata dokoki a rubuce, kuma har yau babu wanda ya isa ya sauya musu ko wasali. Dokokin nan ne Callum, wanda ɗan ƙungiyar ne, ya bi ɗaya bayan ɗaya a gaban Nerida. Ya kawar da madubin daga rana, ya zare wani marufi mai sheƙi kamar azurfa daga bakinsa, ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa.

"Wannan shi ke tace hasken. Kafin kowa ya duba, sai an ɗaga shi an bincika. In akwai huji ko kamar bakin allura, an fasa kallo a ranar." Ya mayar da shi, ya ɗaure tam don kada iska ta fizge. Ya nuna mata ɗan ƙaramin madubin saiti da ke goye a bayan babban, an toshe shi gaba da baya. "Wannan ɗan ƙaramin ya fi cutar da mutane, don an fi mantawa da shi. Kuma ba a ɗaga kai a nemi rana. Inuwar madubin ake kallo a ƙasa. In ta dunƙule ta zama ƙarama, to an same ta. Za ki duba?"

"Allah ya kiyaye."

"To ki sayar mini da zuma, in shafa a inda kika doke ni."

Ba ta yi dariya ba, amma ta sayar masa.

Duk wanda ya san gidan Tolhurst ya san dalilin tsoronta. Mahaifinta, Warwick Tolhurst, mai garken tumaki a yammacin gari, yana da mataccen wuri a tsakiyar idonsa na hagu tun husufin rana na shekarar 1976, lokacin yana ɗan shekara goma sha bakwai. Bai taɓa ba wa kowa labarin yadda abin ya auku ba. Iyakar abin da yake cewa shi ne, madubi ne ya cinye masa ido. Da wannan ya raini 'yarsa tilo bayan rasuwar mahaifiyarta: ba a kallon rana, ba a kusantar mai kallonta.

Sai a Asabar ta huɗu Nerida ta yarda ta duba. Da kanta ta ɗaga marufin ta bincika har sau uku. Da ta sunkuya, ta kama hannun rigar Callum ba tare da ta sani ba. Ta buɗe ido tana jiran wuta. Sai ta ga wani farin faifai mai sanyi, zagayayye, da ɗigon baƙi guda biyar a gefensa kamar an yayyafa tawada.

"Mene ne waɗannan?" ta tambaya da raɗa.

"Tabon rana ne. Wancan babban, duniyarmu za ta shige cikinsa ta bar wuri."

"Ashe ita ma tana da tabo."

"Kowa yana da shi, Inuwata."

Tun daga ranar sunan ya bi ta, saboda malfarta, ita kuma ta laƙaba masa Ɗan Rana. Saƙonni suka soma kai da kawo. Da safe yakan rubuto: "Inuwata, tabon nan biyar sun matsa gefe, ɗaya ya ɓace. Na duba ko'ina a fuskar rana ban ga abin da ya kai taki haske ba, kuma taki ba ta bukatar marufi." Ita kuma ta amsa: "Ɗan Rana, ka rage zaƙin baki, ni mai zuma ce, na san na jabu. Ka toshe ɗan ƙaramin kuwa? Ka duba kuma. Ina jin tsoro kullum ka ce mini kana waje."

Bayan wata uku, Callum ya yi abin da ya dace, kamar yadda mazan kirki na wannan yanki suka saba tun kakanni. Ya sa kwat da taye cikin zafin Fabrairu, ya tuƙa mota zuwa gonar Tolhurst, ya tsaya a gindin baranda da hularsa a hannu. Nerida tana bayan ƙofar kicin, ta riƙe butar shayi har ta manta da zafinta.

"Mista Tolhurst, na zo neman izininka ne a kan Nerida."

Dattijon ya karkata kai, yadda yakan yi don ya kama mutum da idonsa mai kyau.

"Kai ne mai leƙen rana a kasuwa?"

"Ni ne, Yallaɓai. Amma akwai ƙa'idar da muke—"

"Ni ma an ce mini akwai ƙa'ida." Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa na hagu. "Shekara arba'in da bakwai ban ga fuskar mutum da wannan ba. Mutumin da ke nuna wa rana gilashi ba zai ci abinci a teburina ba, balle ya ɗauki 'yata. Ka rufe mini ƙyauren gona in ka fita, tumaki na nan."

Da ma dattijon yana da nasa zaɓin: Darcy Pratten, ɗan maƙwabcinsa, wanda gonarsu ta haɗa shinge da tasu. Darcy ba mugu ba ne, sai dai yana magana kamar an riga an ɗaura auren. A yammacin ranar ya jingina da motarsa a-kori-kura yana cewa, "Neri, bar wa malamin nan ranarsa. Ni ƙasa nake kallo, inda ciyawa take." Ta wuce abinta.

Mako biyu bayan haka, tana neman tsofaffin akwatunan ƙudan zuma a saman rumfar da ake yi wa tumaki aski, sai ta ci karo da wani dogon akwatin katako da aka buge da ƙusoshi. Ta ɓalle shi. A ciki akwai siririn farin madubin hangen nesa da ƙafafunsa uku, da sunan mahaifinta rubuce da hannun yaro. A gefe kuma, cikin takardar da ba a taɓa warwarewa ba, ga wani ɗan baƙin gilashi kamar girman kwabo, an zana hoton rana a bakinsa. Ta gwada, ta ga yana murɗuwa daidai a ƙarshen da ake kara ido.

Tunani ya zo mata, irin wanda so da tsoro kan haifa in sun haɗu. Idan Baba ya ga 'yarsa ta kalli rana da madubinsa na kansa, bisa ƙa'ida, kuma babu abin da ya same ta, ai dole zuciyarsa ta sauko. Ba ta gaya wa Callum ba, don ta san zai ce ta jira shi, shi kuwa an hana shi taka gonar. Ta ce bari ta fara gwadawa ita kaɗai.

Ranar Talata da hantsi, dattijon ya tafi gyaran shinge. Ta kafa madubin a bayan rumfa. Ta bi dokokin da ta koya ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ɗaga baƙin gilashin sama, ta jujjuya shi, babu huji, babu tsaga. Ta murɗa shi tam. Ta toshe ɗan madubin saiti da ƙyalle. Ta bi inuwa a ƙasa har ta dunƙule. Sannan ta kara idonta na dama.

Ga rana nan, kore-kore, da tabonta. Nerida ta sauke numfashi. Ta tsaya tana ƙirga ɗigon, ɗaya, biyu, uku, tana jin daɗin yadda za ta ba wa Ɗan Rana labari.

Sai ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Farar wuta ta cika mata ido. Ta yi baya ta faɗi zaune a ƙasa, ta dafe fuska. Babu zafi, kuma rashin zafin ne ya fi tsorata ta. Da ta buɗe ido, duk inda ta duba sai ta ga wani baƙin dunƙule yana bin kallonta. Ta dubi rumfa, yana nan. Ta dubi tafin hannunta, yana nan. Ta mayar da komai cikin akwati, ta tura shi inda yake, tana ce wa kanta kafin yamma zai washe.

Bai washe ba. Washegari da safe tana zuba wa mahaifinta shayi, sai ruwan ya sauka a kan tebur, gefen kofin.

Dattijon bai ce ta goge ba. Ya ajiye cokalinsa a hankali, fuskarsa ta sauya launi.

"Neri. Rufe idonki na hagu."

"Baba, santsi hannuna ya—"

"Rufe shi na ce. Yanzu dubi fuskata. Me kike gani?"

Ta rufe idon, ta dube shi. Hawaye suka gangaro.

"Ina ganin kunnuwanka, Baba. Ina ganin wuyan rigarka. Ba na ganin fuskarka."

Ba ta taɓa jin irin ƙarar da ta fito daga ƙirjin mahaifinta ba. Shi da kansa ya tuƙa ta zuwa asibitin birnin Dubbo, tafiyar awa biyu. Likitan ido ta haska, ta ɗauki hoto, ta ce rana ta ƙona tsakiyar ganin, kuma babu maganin da za a ɗiga ko aikin da za a yi. Wasu nasu kan dawo cikin 'yan watanni, wasu rabi, wasu ba ya dawowa. Ta ba ta wata takarda mai layuka a gicciye da ɗigo a tsakiya, ta ce ta riƙa dubawa kowace safiya.

"Wanne ne nawa a ciki, Likita?"

"Ba zan yi miki alkawarin da ban sani ba. Jira za mu yi."

Da suka dawo, Darcy na jiransu a ƙofar gona. Da ya ji labari, sai ya ce, "Ai na faɗa. Asabar ɗin nan da idona na gan ta a kasuwa, kanta a cikin madubin malamin." Dattijon bai nemi ƙarin shaida ba. Ya juya ya dubi 'yarsa.

"Nasa ne?"

Nerida ta buɗe baki. Ta dubi mutumin da ya shekara ashirin da shida yana kare ta daga abu ɗaya tak, ta tuna sunansa da aka rubuta da hannun yaro a jikin akwatin. Ta ga idan ta faɗi gaskiya, ba zai yafe wa kansa ba har kabari. Ta rufe bakin. Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

A ranar ya buga wa shugabar ƙungiyar waya. Dokar marigayi Lindsell a kan wannan a fili take: duk wanda aka ji rauni a madubinsa, zai miƙa madubin ga ƙungiya, a soke sunansa daga littafi, kuma a sanar da inda yake aiki. Sau ɗaya aka taɓa zartar da ita a tarihin ƙungiyar, kuma mutumin bai ƙara shekara a garin ba. Aka sa ranar Lahadi da ƙarfe uku don zaman.

Kwana uku wayar Nerida na ƙara tana kife ta. Kowace safiya takan ɗauki takardar likita, ta rufe idon hagu, ta ga layukan sun lanƙwashe sun faɗa cikin baƙin rami. Darcy ya zo sau ɗaya da furanni, ya ce kada ta damu, ido ɗaya ma ya isa ƙirga tumaki, bai sake dawowa ba. Ranar Asabar da rana ta daure ta buɗe saƙon Callum, ta karanta da ido ɗaya, tana karkata kai kamar mahaifinta.

"Inuwata, ban san ko kina iya karanta wannan ba, kuma wannan tunanin kaɗai ya hana ni cin abinci. Na ɗaga marufin nan ya fi sau hamsin, ban ga huji ba. Amma ke kika ji rauni, kuma a wurina kaɗai kike kallon rana, don haka akwai abin da idona ya kasa gani. Gobe ba zan yi musu ba. Zan miƙa madubin, su soke sunana. Wannan ba komai ba ne. Abu ɗaya nake roƙo: ko ganin ya dawo ko bai dawo ba, maganata tana nan inda na ajiye ta a gaban mahaifinki. In kuma ba kya son sake jin sunana, na fahimta. Ki yafe mini."

Ta karanta sau biyu. Sannan ta gane cewa shirun da ta yi don ta tsare mutum ɗaya yana cin wani da ransa. Ta rubuta: "Ɗan Rana, kada ka miƙa komai. Ba naka ba ne. Ka jira ni." Ta hau saman rumfa, ta sauko da akwatin, ta ɗauko shi a ƙirji har kicin, ta ɗora a kan tebur gaban mahaifinta.

Dattijon ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"A ina kika samo wannan?"

"Baba, da shi na duba. Ni kaɗai, ranar Talata, a bayan rumfa. Callum bai ma san da shi ba." Ta ci gaba. "So nake ka gani da idonka cewa ana iya yi lafiya. Na bincika gilashin, Baba, wallahi na bincika, babu huji."

Ya zaro ɗan baƙin gilashin. Tsaga ta raba shi biyu daga baki zuwa baki. Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannunsa, sannan ya zauna a kan bencin da ke jikin bango kamar wanda aka zare wa ƙashi.

"Nawa ma haka ya yi," ya ce. "Ƙas. Kakanki ya rubuta wa kantin da ya sayar mana wasiƙa mai zafi. Kin san amsar da suka ba shi? Sabon gilashi suka aiko, irinsa sak. Ya jefa shi a akwatin, ya buge da ƙusa. Ni kuma na kasa ƙona shi, na kasa ba ki labarinsa. Na ce miki kada ki kalli rana, ban taɓa gaya miki me ya sa ba. Da na buɗe baki sau ɗaya..."

"Baba, kada ka ce haka."

"Zan ce. Kuma akwai wanda ya kamata ya ji." Ya ɗauki hularsa. "Gobe ki sa kayan fita."

Ranar Lahadi ɗakin taro ya cika. Callum na tsaye gefen madubinsa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Da ya ga Nerida ta shigo sai ya yi taku ɗaya ya tsaya. Kafin shugabar ta buɗe littafi, Warwick Tolhurst ya ratsa tsakiyar mutane, ya ajiye akwatin da fasasshen gilashin.

"Ni na kawo ƙara, ni zan janye ta. Wannan ne ya ƙona mini 'ya, kuma daga rumfata ya fito. Malam Brophy, na ɗora maka abin da ba naka ba. A gaban mutane na ɓata maka suna, a gabansu nake ba ka haƙuri."

Tsofaffin ƙungiyar suka matso, wani ya ja dogon numfashi. Callum ya ɗauki gilashin.

"Inuwata, irin wannan ko sabo ne ba a duba shi. A baya yake zama, inda madubi ke tara duk zafin rana wuri ɗaya. Dole ya fashe, lokaci kawai yake jira. Tacewa a gaba ake yi, kafin hasken ya shiga." Ya runtse ido. "Na koya miki yadda ake bincika marufi, ban koya miki dalilin da ya sa yake zama a gaba ba. Shekara ashirin ba a ga irinsa a garin nan ba, sai na ɗauka sun ƙare. Ina da rabona a laifin."

"Kai wannan yaro," in ji dattijon, "an wanke ka kana ƙara shafa wa kanka laka."

Akwai wata doka ta marigayi Lindsell da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, ita ce duk irin wannan gilashi da aka samu, a farfasa shi da guduma a gaban shaidu. Shugabar ta buɗe shafin ta karanta, kamar yadda aka saba. Aka ɗauko gudumar ƙungiya daga durowa. Bisa al'ada mai gilashin ne ke bugu na farko. Dattijon ya buga ɗaya, ya miƙa wa 'yarsa. Nerida ta ɗaga, ta kai bugu, ta sami katakon tebur, don idon bai ba ta saiti ba. Callum ya zo ta bayanta ya riƙe hannunta a kan ƙotar, suka buga tare, gilashin ya zama gari.

"Mista Tolhurst," in ji shi ba tare da ya saki hannun ba, "maganar da na kawo maka a Fabrairu tana nan."

"Likita ta ce mai yiwuwa idon ba zai dawo ba. Ka ji wannan?"

"Na ji, Yallaɓai. Ba idon na zo nema ba."

Dattijon ya karkata kai ya dube shi da kyau. "To. Ka zo cin abinci ranar Laraba. Kuma ka bar tayen nan a gida, ka yi kama da mai tallan inshora."

Tsoron bai tafi da izinin ba. Mako biyar Nerida na duba takardar kowace safiya, ramin na nan yadda yake. Wani lokaci takan farka ta ƙi buɗe idon har sai ta yi addu'a. Callum bai taɓa tambayarta ko ya ragu ba, sai dai ya turo: "Inuwata, ina kwana. Yau ma ina nan." A mako na shida ta ga baƙin ya koma toka-toka. A na tara, suna zaune a baranda, ta rufe idon hagu ta dube shi, ta fashe da kuka.

"Me ya faru? Ya ƙaru ne?"

"Hancinka nake gani. Ashe har yanzu a karkace yake."

An ɗaura auren a watan Satumba, a ƙaramar majami'ar nan ta filin kasuwa, aka yi walima a rumfar askin tumaki kamar yadda aka yi wa iyayenta da kakanninta. Ganin ya dawo, sai wani ɗan ɗigo mai launin toka, ƙanƙani kamar ƙwayar gero, wanda likita ta ce zai zauna tare da ita.

Bayan an ci gasasshen rago, ango ya fito da siririn farin madubin nan na surukinsa ya kafa a tsakar gida. Nerida ta ga mahaifinta ya ja baya.

"Baba," in ji Callum, karo na farko da ya kira shi haka, "babu wanda zai kara ido a nan, ni zan tsaya a kansa. Ka ba wa rana baya kawai, ka dubi takardar da ke hannun Nerida."

Ya toshe ɗan madubin saiti, ya bi inuwa a ƙasa. Amarya ta riƙe farin kwali a bayan madubin, ɗan nesa da inda ake kara ido. Sai ga faifan haske ya sauka a kan kwalin, zagayayye, gefensa na ɗan motsi, da ɗigon baƙi uku a ƙirjinsa.

Dattijon ya matso a hankali, ya karkata kai. Ya miƙa yatsa ya taɓa hasken a kan takardar, ya janye da sauri, ya sake taɓawa.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Baba," in ji Nerida.

"Shekara arba'in da bakwai." Ya share idonsa mai kyau da bayan hannu. "Ashe ita ma tana da tabo."

Amarya da ango suka dubi juna. Dattijon ya kama hannayensu biyu ya haɗa a kan kwalin, hasken rana na kwance a bisansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. In ya ba ku 'ya'ya, kada ku ce musu kawai kada su duba. Ku zaunar da su ku gaya musu dalili."

Jama'a suka amsa da amin, shugabar ƙungiya kuma ta sa aka rubuta ranar a littafi, ƙarƙashin dokokin marigayi Lindsell, don na baya su san yadda aka yi.